Haƙƙin Kazar da Muzuru Ya Raunata

Kazar gida amana ce a hannunmu. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. To, ina ga mu da muke barin kaza da rauni har ƙuda ya yi mata tsutsa?

Idan muzuru ko shaho ya kama ta, mu fara duba raunin. A mazhabarmu ta Malikiyya, in hanji ya huje, ko laka ta katse, ko ƙwaƙwalwa ta fito, yanka ba ya halatta ta. Da yawanmu gaggawar ɗauko wuƙa muke yi, ba mu duba ba.

In raunin bai kai nan ba, mu aske gashin gefensa, mu wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, da ɗan gishiri. Kada a shafa baƙin man mota. A keɓe ta cikin akurki a inuwa da ruwa da tsaki, don ƴan'uwanta na tsattsagar jini. In ya kumbura, a nemi likitan dabbobi.

Wallahu a'alamu.