Sikila Gadon Uwa da Uba Ce: Kira ga Jama'ar Dudunni da Kewaye



Duk wanda ya taɓa kwana a gidan da ake da yaro mai sikila a daren hunturu ya san abin da zan faɗa. Jariri ɗan wata bakwai, bayan hannuwansa da na ƙafafunsa sun kumbura suntum, ko zanen goyo ya taɓa su sai ya ƙwalla ƙara. Uwa ta ba shi nono ya ƙi, ta goya ya ƙi, ta sauke ya ƙi. Kafin asuba an yi turare, an aika a kira wanzami. Da gari ya waye kuma sai magana ta fara zagaya tsakar gida: wai uwar ce mai wabi, wai jinin gidansu ne ba kyau, wai maye ne ya kama kurwa.

Jama'a, mu ji tsoron Allah game da matan nan. Mace ita kaɗai ba ta iya haifar mai sikila. Kowane ɗa yana karɓar irin jini biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AA bai ɗauko komai ba. Mai AS ya ɗauko daga ɓangare ɗaya, kuma lafiyarsa ƙalau, yana noma yana fatauci, shi kansa bai san yana ɗauke da ita ba. Mai SS shi ne wanda uwa ta ba shi, uba ma ya ba shi. Idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu. Ku lura, kowane ciki lissafinsa daban. Ana iya haifar biyar ba ko ɗaya, ana iya haifar uku a jere duk da ita. Magidancin da ya saki matarsa saboda wannan, ya je ya auro wata mai AS, bai tsere wa komai ba, rabin gadon yana cikin jininsa.

Abin kuma ba na gida ɗaya ba ne. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, kuma ƙiyasin da aka daɗe ana kawowa shi ne ana haifar jarirai wajen 150,000 da cutar duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Ta yawaita a ƙasashenmu ne saboda mai AS ya fi jure mummunan zazzaɓin cizon sauro, sai irin ya yi ta wanzuwa kaka da kakanni. Auren zumunci kuwa, ban ce a bar shi ba, yana da alherinsa. Amma ɗan wa da 'yar ƙane kakansu ɗaya, don haka su suka fi kowa buƙatar gwaji.

Ƙwayar jinin mai lafiya zagayayya ce, mai laushi, tana kai wajen kwana 120. Ta mai sikila takan lanƙwashe kamar lauje, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, ta kuma maƙale a ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ne ciwon ƙashi yake fitowa, da ƙarancin jini, da idon da ya yi ɗorawa. Jinin da jariri ya fito da shi daga ciki yana kare shi na 'yan watanni, shi ya sa ake shan suna lafiya lau, sai wajen wata shida abin ya bayyana.

To yaushe ya kamata a yi gwajin? Kuskurenmu a nan yake. Sai an sa rana, an kai lefe, baba ya sayar da sa ya yi kayan ɗaki, sannan a tuna da asibiti. A lokacin wa zai iya cewa a fasa? Sai a fara neman wanda zai gyara takarda, ko a ce a bar wa Allah. Wanda ya sayi takardar ƙarya, ɗan cikinsa ya cuta. Batun tawakkali kuwa, ba wanda ke zuba iri a gona bai duba ko ya ruɓe ba, kuma ba mu taɓa cewa manomin da ya duba ya rasa imani. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da na irin jini. Mu ba sai an tilasta mana ba. Babban Asibitin Kankiya ba nisa, a je a tambayi inda ake gwajin. A yi shi tun ana zance, in da hali a maimaita a wani wurin daban, domin akan sami kuskure.

Waɗanda Allah Ya riga Ya ba mu kuwa amana ce, kuma suna rayuwa, suna karatu, suna aure, idan an kula. A yawaita ba su ruwa, a lulluɓe su da sanyi, a hana su wankan ruwan sama, su kwana cikin gidan sauro, a cika musu alluran rigakafi, su sha maganin da likita ya rubuta kullum ko da lafiyarsu lau. Zazzaɓi a jikin mai sikila ba ya jiran gobe. Haka in cikinsa ya kumbura ta hagu wajen saifa, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko numfashi ya yi wuya, ko baki ya karkace: a ɗauke shi nan take. Kada a yi masa tsaga ko ƙaho, jinin da ke jikinsa ma bai ishe shi ba. Kada a saba masa da allurar kashe ciwo a kemis. Binciken da aka yi a Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, ya nuna cewa ana iya gano yaron da shanyewar ɓarin jiki ke barazana gare shi, a ba shi maganin hydroxyurea ya rage haɗarin. Ku tambayi likitocin yara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko a Asibitin Turai 'Yar'adua.

Akwai kuma ciwon da ba ya nunawa a gwaji, shi ne ya fi ci mini rai. Yaro yana zaune ana cewa a gabansa wannan ba mai daɗewa ba ne, ko a ce ya cinye dukiyar gidan. Yana ji, kuma yana ajiyewa. Ya yi fitsarin kwance a zane shi, a tara masa yara suna yi masa waƙa, alhali ƙodarsa ce ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran. Ƙannensa sun fi shi tsawo, an cire shi daga makaranta wai kada a yi asarar kuɗi. In kun ga ya daina wasa, ya koma lungu, ba ci ba barci, ko ya fara cewa gara ya mutu kowa ya huta, wannan ciwon damuwa ne, a zauna da shi a saurare shi, a kuma faɗa wa likita. Malaman boko da na allo, ku bar shi ya sha ruwa ya fita bayan gida duk lokacin da ya nema, kada ku sa shi durƙuso a rana don ya yi fashin kwana uku yana kwance.

Bayan kaka ne muka fi ɗaura aure. Ina roƙon limamanmu su faɗi wannan a huɗubar Juma'a, kuma duk waliyyin da aka zo wurinsa neman aure bana, ya nemi ganin takardar gwajin yaron da ta yarinyar kafin ya karɓi goron sa rana.