Fasali a kan mudun da ake auna dokar mahukunta

 

Ka sani ya kai ɗan'uwa, falke ba ya sayen hatsi da daɗin bakin mai shi, sai ya ga an zuba a mudu. Haka dokar da mahukunta suka ɗora wa jama'a, mudunta uku ne.

Na farko niyya: wace ɓarna ake nufin kawarwa? A watan Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya ya yi shelar canza takardun naira 200 da 500 da 1000, domin a tono kuɗin da aka ɓoye, a rage jabu, a ƙuntata wa masu satar mutane don fansa. Wannan nufi kyakkyawa ne.

Na biyu hanya: shin mafi rauni cikin jama'a zai iya ɗaukarta? An yanka wa'adi 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, alhali sababbin takardun ba su wadata ba. Dubi Bafillacen da ya koro sansa zuwa kasuwar Mai'aduwa, ba shi da asusu a banki, ga mai saye amma babu kuɗi a hannu. Dubi mai ƙosai a Daura, da almajirin da sadakarsa ta yanke. Ba su ɓoye kome ba, amma su suka fara ɗanɗana. Dokar da ta kama mai gaskiya kafin ɓarawo, mudunta bai cika ba.

Na uku komowa: in cuta ta bayyana, ana gyarawa? Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, sa'an nan Kotun Ƙoli ta hukunta a 3 ga Maris 2023 a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. Gyaran da aka yi da son rai ya fi wanda alƙali ya tilasta.

To, kada ka yabi doka don kana ƙaunar mai ita, kada ka kushe ta don kana ƙinsa. Auna ta, ka faɗi gaskiya cikin ladabi. Kuma malami da maigidan rumfa su auna dokokin da suke kafa wa na ƙarƙashinsu da wannan mudu, domin kowane makiyayi abin tambaya ne gobe Ƙiyama.

Allah Shi ne Mafi sani.