Ɗa Na Kowa Ne, Ko Na Uwarsa Kaɗai?

'Yar'uwa, ba ni aron hankalinki kaɗan, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Wata rana da yamma, bayan an ɗauke ruwa, na hango 'ya'yan maƙwabciyata su uku suna hawan duwatsun da ke bayan unguwarmu a nan Dutse. Babbar ba ta wuce shekara goma ba, ga goyon ƙaninta a baya, ga dutse ya yi santsi. Gabana ya faɗi, na daka musu tsawa, suka sauko suna kuka. Da daddare sai ga uwar ta yi sallama. Na ɗauka godiya ta zo yi. Ina! Sai cewa ta yi: "Haba Yaya, ke kika haifa mini su?"

Na kwana ina juyi. Shin wa ke da gaskiya tsakanina da ita?

A da, wannan ba abin tambaya ba ne. Duk babban da ya ga yaro ya kauce sai ya gyara masa, iyaye kuma su yi godiya. Amma tun da aka yanki Jigawa daga Kano a 1991, Dutse ta zama babban birnin jiha, gari ya cika da baƙi, katangu suka yi tsawo, har ta kai ba ki san wadda kuke haɗa katanga da ita ba. To wadda ba ki san zuciyarta ba, ta yaya za ki sakar mata ɗanki? Kuma mu faɗi gaskiya, a cikinmu akwai masu fakewa da gyara su huce haushin uwa a kan ɗa. Ashe maƙwabciyata ba ta rasa hujja ba.

Sai na tuna da masu hawan manyan duwatsun duniya. Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya tsayinsa mita 5,895, kuma doka ba ta barin baƙo ya hau sai da ɗan jagora. Tafiyar kwanaki ce, iska tana raguwa a sama, mai gaggawa shi ke fara jigata da ciwon kai. Shi ya sa 'yan jagoran ba su da magana sai "pole pole", wato sannu-sannu da harshen Suwahili. Haka ma Everest, wanda ya fi kowane dutse tsayi: Tenzing Norgay da Edmund Hillary da suka fara kaiwa ƙolinsa a 1953, igiya ɗaya ce ta ɗaure su, in ɗaya ya zame ɗaya ya riƙe.

Kin lura? Ɗan jagora ba ya tsayawa a ƙasa yana ihu. Tare ake hawa da shi, kuma da yardar mai tafiya. Nan na gane laifina. Tsawar da na yi ta cece su ranar, kuma ko gobe na ga yaro a bakin halaka zan yi. Amma shekara biyu muna maƙwabtaka ban taɓa kiran yarinyar nan na tambaye ta karatunta ba. Ranar farko da ta ji muryata, da faɗa ta ji ta.

Washegari na shiga gidan, na ba uwar haƙuri, na roƙi ta riƙa turo mini su bayan la'asar. Yau babbar a wurina take bitar karatu, in na yi mata faɗa kuwa uwar ce ke cewa in ƙara.

Don haka 'yar'uwa, ɗa na kowa ne, gaskiya ne, amma haƙƙin gyara ba kyauta ake samunsa ba, da kulawa ake sayensa. Kafin ki ɗaga murya a kan ɗan wata, tambayi kanki: kin taɓa riƙe hannunsa?

Allah Ya shirya mana zuri'a baki ɗaya, amin.