Motar da aka ƙera domin hannun bakanike

Duk watan Yuni, a garin Le Mans na ƙasar Faransa, ana sakin motoci da yammacin Asabar, ba za a tsayar da su ba sai yammacin Lahadi. Awa 24 cur. Tun 1923 ake wannan tsere, kuma ƙa'idarsa ba ta da wuyar ganewa: motar da ta fi cin nisa kafin wa'adi ya cika ita ce zakara. Tsawon zagayen kilomita 13.6 ne, wani sashensa titi ne na kowa da kowa da ake rufewa domin ranar. Direbobi uku ke karɓa-karɓa da kowace mota. Wanda ya gaji ya fito ya kwanta, amma motar ba ta da mai canjinta. Rana ta gasa ta, dare ya rufa, sau da yawa ruwa ya sauko, ita dai tana tafe.

Wadda ta zo ta ɗaya a shekarar 2000 ta yi zagaye 368, wato fiye da kilomita 5,000. In aka raba da awa 24, har da tsayawa shan mai da sauya taya, gudun ya haura kilomita 200 a kowace awa. Sunanta Audi R8. Kada a rikita ta da R8 ɗin da attajirai ke hawa a gari. Waccan daga baya ta zo, ta ari sunan wannan. Ita ta tsere ba ta da rufi, kujerar direba a buɗe take, injinta mai fistin takwas ne, lita 3.6, da tobo biyu, ƙarfinsa wajen doki 600. Ta ci Le Mans a 2000 da 2001 da 2002, da direbobi uku da ba su sauya ba: Frank Biela ɗan Jamus, Tom Kristensen ɗan Denmak da Emanuele Pirro ɗan Italiya. Ta sake ci a 2004 da 2005. Cikin tsere 80 da ta shiga a rayuwarta, ta lashe 63.

Mai jin wannan lissafi zai ɗauka sirrin yana ƙarƙashin totur. Gudu kam tana da shi. Amma abin da ya fi jan hankalina a motar nan yana bayanta, wurin da ba a ɗaukar hotonsa.

A 1999 Audi ta fara zuwa Le Mans da motoci iri biyu, masu rufi da marasa rufi. Masu rufin, guda biyu, duk giya ce ta kashe su, ba wadda ta ga ƙarshen tsere. Ba kuma sabon ciwo ba ne. Direba yana sauya giya sau dubbai kafin gari ya waye, haƙoran ƙarfe suna cizon juna cikin zafi ba hutu, don haka giyabos ya daɗe yana cikin manyan masu kayar da motoci a wannan fage. A da in ya tashi aiki, sai a tura mota gareji, a kwance wannan a kwance wancan, awa ɗaya ko fiye ta wuce. Zagaye ɗaya a lokacin bai kai minti huɗu ba. Wanda ya shafe awa guda a gareji, abokan karawarsa sun ba shi ratar zagaye 15 ko 16, ya dawo ne kawai don cika alkawari.

Injiniyoyin Audi, tare da ƙungiyar Reinhold Joest mai kula da motocin a fili, sun yi iya ƙoƙarinsu wajen ƙarfafa giyar. Sai dai ba su yaudari kansu cewa ba za ta taɓa ba da matsala ba. Suka ƙera bayan motar gaba ɗaya, giyabos da ƙafafun baya da duk abin da ke riƙe da su, ya zama dunƙule ɗaya da ake cirewa a ɗaura wani. Tiyo-tiyon da ke shiga wurin an yi musu bakin da ake ɓallewa a mayar nan take. Wani sabon baya na ajiye a gefe, an riga an haɗa shi, an daidaita shi. Mota ta shigo, a ɗaga ta, a ɗauke murfin baya, makanikai su yi mata caa, kowa ya san notin da ke nasa da inda zai tsaya don kada ya tare ɗan'uwansa. A janye tsohon, a turo sabon, a ɗaure, a sauke. Minti huɗu zuwa biyar. Aikin da ke cin awa ya koma asarar zagaye ɗaya da ɗoriya, abin da direban kirki zai iya ramawa kafin asuba.

Abin ya yi wa sauran yawa, har masu shirya tseren suka sa dokar hana sauya giyabos ɗungurungum ana cikin tsere. Ni a ganina babu lambar yabon da ta kai wannan doka.

Abin lura a nan shi ne tambayar da mutanen suka yi wa kansu tun motar tana kan takarda. Kowa na tambayar nawa za ta gudu. Su suka ƙara da cewa, ranar da ta lalace, ƙarfe ukun dare, bakanike ya kwana biyu bai runtsa ba, hannunsa zai kai wurin? Da sifana nawa? Cikin minti nawa? Wato sun ba bakanike kujera a teburin zane, alhali a yawancin wurare shi ne na ƙarshe da ake tunawa da shi, sai abu ya ɓaci a kira shi ya zo ya yi ta fama.

Duk wanda ya taɓa zaman jiran mota a gareji ya ga kishiyar wannan da idonsa. Yaro na kwance a kan kwali ƙarƙashin mota, baƙin mai na ɗiga masa a wuya, ya cusa hannu har kafaɗa yana laluben notin da ido ba ya gani. Ogansa na tsaye yana cewa, “Kai, miƙo sha-uku,” a miƙo, ba ta shiga, domin wani ƙarfe ya tare. Ƙarshenta abin da za a sauya bai fi tsawon yatsa ba, kuɗinsa kaɗan, amma sai an sauke lagireto da rabin gaban mota kafin a kai gare shi. Yini ya tafi. Mai mota ya tafi yana ƙunƙuni cewa makanikai ba su da alkawari, bai san wanda ya zana motar ne bai taɓa tunanin wannan yaro ba. Haka kuma abin yake a famfon burtsatsen unguwa, da janareton makaranta, da na'urar asibiti da aka rufe da zane a lungu. Ranar buɗewa kowa ya zo. Wa zai gyara, ina za a samo kayan, wa ke riƙe da kuɗin gyaran, waɗannan ba a tanade su ba, ga shi kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Abin yana ci mini rai, domin sau da yawa abin da ya kwantar da na'urar bai taka kara ya karya ba.

Kada dai a ce R8 ta dogara da gyara kawai. Inda ba a iya sauyawa, an yi shi don ya jure. Doka ba ta yarda a sauya inji ana cikin tsere ba, don haka sashen Ulrich Baretzky, mai kula da injuna, ya yi wanda ya shahara da rashin mutuwa a hanya. Daga 2001 suka koma fesa fetur kai tsaye cikin silinda, dabarar da suka sa wa suna FSI. Ta rage shan mai, ta kuma sa injin saurin tashi. Wannan na biyun kamar ƙaramin abu ne, sai an tuna cewa a Le Mans dole a kashe inji duk lokacin da ake zuba mai, kuma mota na tsayawa sau talatin ko kusa da haka kafin a tashi. Daƙiƙa ɗaya nan, biyu can, su ne ke taruwa su zama rata. Sun san abin da za su ƙarfafa har ya ƙi karyewa, sun san wanda za su sauƙaƙa cirewa, kuma raba waɗannan biyun shi ne gwanintar.

Shekarar 2005 ta nuna haka ƙarara. Motar ta tsufa, dokoki sun matse ta: an ƙara mata nauyi, an rage iskar da injin ke shaƙa, ƙarfinta ya ragu sosai. Motocin Pescarolo na Faransa sun fi ta gudu nesa ba kusa ba. Amma su suka yi ta shiga gareji, ita kuwa tana ta zagayenta. Da yammacin Lahadi R8 ce a gaba, Kristensen na cikin direbobinta, mutumin da ya ƙare da nasara tara a Le Mans, adadin da har yau ba a kamo ba.

Akwai abin da ba na son a tsallake. Ranar 25 ga Afrilun 2001, Michele Alboreto, tsohon direban Ferari a gasar Formula 1, yana gwajin R8 a filin Lausitzring na Jamus, wata guda bayan ya ci tseren awa 12 na Sebring a Amurka da irin motar. Tayar baya ta fashe yana tsakar gudu, motar ta tashi ta kife, ya rasu. Bincike ya nuna wani abu mai tsini ne ya huda tayar. Duk tanadin da aka yi wa ƙarfe, akwai ɓarnar da ba ta da sabon baya a ajiye, kuma nasarorin da ake lissafawa da ran mutum a cikin kuɗinsu.

Bayan R8, labarin ya yi ta maimaita kansa da wasu sunaye. Peugeot, wadda mutanenmu suka sani tun zamanin 504 da ake haɗawa a Kaduna, ta zo da 908 mai shan dizal, ta ci a 2009. A 2010 ta kawo guda huɗu, duk sun fi na Audi gudu. Ba ko ɗaya da ta kai ƙarshe. Ɗaya ƙafarta ce ta samu matsala tun da wuri, ukun kuma inji ne, kwanrod ya karye. Audi R15 ta kwashe na ɗaya da na biyu da na uku, ta gaban ta yi zagaye 397, kilomita 5,410. Wani zai ce ai sannu ba ta hana zuwa. A Le Mans tana hanawa, domin wannan nisa ya karya tarihin da ya tsaya tun 1971, kuma ba a karya tarihi da rarrafe. Gudun da Audi ta yi shi ne iyakar wanda motarta za ta iya ɗauka har awa 24, na Peugeot kuwa ya fi ƙarfin ƙashinta.

Ba wanda ya sha wannan karatu da ɗaci kamar Toyota. A 2016 motarta TS050 na kan gaba, saura 'yan mintoci a tashi, Kazuki Nakajima ya yi kira ta rediyo cewa ƙarfi ya ɗauke. Ta tsaya a gaban 'yan kallo, daidai layin ƙarshe, saura zagaye ɗaya, Porsche ta wuce ta. Da aka bincika, mahaɗin wani tiyon iska ne tsakanin tobo da na'urar sanyaya iskar ya saki. Abin da mutum zai rufe a tafin hannu.

Shekarar da ta biyo baya ta fi koyarwa, ko da yake ba a cika ba da labarinta ba. A 2017 Porsche mai lamba 2 da Toyota mai lamba 8 ciwo iri ɗaya ya same su: na'urar lantarkin da ke juya ƙafafun gaba ta lalace. Makanikan Porsche suka gama cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Na Toyota sai da suka kusa cinye awa biyu. Porsche ta fito tana can ƙasa, kusan ta bayan kowa, Timo Bernhard da Brendon Hartley da Earl Bamber suka yi ta cin motoci ɗaya bayan ɗaya tsawon dare da safiya, na gabansu suna faɗuwa, har suka karɓi jagoranci saura kusan awa ɗaya, suka ci. Toyota ta ƙare tana bayansu da zagaye tara. In aka auna tazarar da lokacin da kowacce ta yi a gareji, za a ga a can aka yi tseren.

Toyota ta koma gida ta sauya salon shiri. Maimakon gwajin gudu kawai, sai ta shiga koya wa mutanenta lalacewa da gangan. A wurin gwaji a ƙirƙiro matsala ba tare da an sanar da direba ko makanikai ba, a ga yadda za su yi, har da dawo da mota gareji a kan taya uku. A 2018 ta ci Le Mans karo na farko, da Sébastien Buemi da Fernando Alonso da Nakajima, kuma Nakajima aka bar wa sitiyari ya ƙarasa. Gaskiya ne a lokacin Audi ta janye tun ƙarshen 2016, Porsche ta bi bayanta a ƙarshen 2017, don haka babu babban kamfanin da ya tsaya mata a gaba. Sai dai a 2016 ma ba wani kamfani ne ya tsayar da ita ba. Daga 2018 ta ci sau biyar a jere, har zuwa 2022.