Ɗana, Kafin Ka Shimfiɗa Daɓen Katako a Ɗakin 'Yar Tsana

Ɗana, na ji ka ɗaura niyyar yi wa ɗakin gidan 'yar tsana daɓen katako, irin wanda ake jera guntaye su fitar da zane kamar na manyan gidajen Turai. Madalla. Kada ka saurari mai cewa wasan yara ne. A fadar Windsor ta Ingila akwai gidan 'yar tsana na Sarauniya Mary, wanda shahararren mai tsara gine-gine Edwin Lutyens ya zana, aka kammala shi a 1924, har da wutar lantarki da ruwan famfo a ciki. A gidan adana kayan fasaha na Cikago kuwa, ɗakuna 68 ne ƙanana da Narcissa Thorne ta sa aka ƙera. Ƙwararru ne suka yi su, dattawa ke sunkuyawa suna kallo. To amma tunda ka shigo sana'ar, zauna ka ji inda masu farawa ke faɗuwa.

Fara da lissafi kafin ka taɓa wuƙa. Ma'aunin da aka fi bi, wanda aka bi a Windsor da Cikago, shi ne ɗaya bisa goma sha biyu: inci ɗaya a ƙaramin ɗaki, ƙafa ɗaya ce a ɗakin gaske. Ɗakin da ke da santimita 30 a faɗi da 40 a tsawo yana wakiltar ɗaki mai mita 3.6 da 4.8. Idan kowane guntu milimita 6 ne a faɗi, 24 a tsawo, guntaye sama da 800 za ka yanka ka manna ɗaya bayan ɗaya. Na faɗa maka adadin ne don ka san abin da ka ɗauko, kada ka zo rabi ka ce an yaudare ka.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Kuskure a wannan aiki ba ya tsayawa inda aka yi shi, taruwa yake yi. A ce kowane guntu ya zarce da kashi ɗaya bisa biyar na milimita, abin da ido ba ya gani. Jera guda 50 daga wannan bango zuwa wancan, ka tara santimita guda cur, wato a ɗakin gaske ka goce da santimita 12. Layin da ya tashi a miƙe zai isa ƙarshe a karkace, kuma babu gogewar da za ta daidaita shi. Saboda haka kada ka riƙa auna kowane guntu da rula da fensir, don kaurin bakin fensirin kansa ya isa ya ɓata maka lissafi. Kafa wani ɗan katako a kan allon yankanka ya zama tokari, kowane sili ya je ya tokare shi kafin ka yanke, sai duk su fito tsawo ɗaya. Yini guda da za ka ɓata wajen haɗa wannan tokari ya fi maka duk wata dabara da za ka nema daga baya. Tun ran gini, tun ran zane.

Wuƙarka ta kasance mai kaifi, rularka ta ƙarfe. Ja wuƙar sau uku ko huɗu a hankali, kada ka danna da ƙarfi don ka gama a karo ɗaya. Mai dannawa shi ke tsaga katako, shi ne kuma ke yanke yatsa.

Kada ka manna guntayen kai tsaye a cikin ɗakin. Yanko kwali mai kauri daidai girman ƙasan, ka gwada ya zauna, ka fito da shi kan tebur inda hannu da ido ke da sarari. Ja layi a tsakiya, daga nan za ka fara ka nufi bango, domin bangon ƙaramin gida ba kasafai yake miƙewa sosai ba, kuma guntayen da za a datse gara su faɗa gefe inda katakon gindin bango zai rufe su. Ka tuna ƙofa ma: kaurin kwali da na katako za su ɗaga ƙasan, sai ka duba ko za ta buɗe. Idan kuma akwai wayar fitila a ƙarƙashi, daɓen da ake iya zarewa zai cece ka ranar da ta lalace.

Na san idonka na kan zanen fadar Versailles, mai murabba'i da saƙa a ciki. Bar shi tukuna. Fara da jeri mai kama da saƙar tabarma, huɗu a tsaye huɗu a kwance, shi ya sa na ba ka 6 da 24, don huɗun su cika murabba'i. In hannunka ya faɗa, sai ka hau salon ƙashin kifi. Amma akwai darasin da za ka ɗauka daga Versailles tun yau. A 1684 aka shigo da wancan daɓe don ya maye gurbin marmara, saboda ruwan wanke marmarar yana ruɓar da katakan da ke riƙe da bene. Ruwa da katako ba sa ga maciji. Farin gam ɗin kafinta ruwa ne a cikinsa, fallen katakonka kuwa bai kai milimita guda ba, in ka zabga masa gam sai ya lanƙwashe. Ɗan ɗigo da tsinken sakace ya wadatar. Wanda ya ɓullo sama ka share shi nan take, in ya bushe launi ba zai kama wurin ba, tabon kuma ya zauna har abada. Ka danne aikin da littattafai masu nauyi ya kwana.

Zaɓen itace ma da magana. Itacen ok, wanda aka yi daɓen manyan fadoji da shi, ƙofofin jikinsa manya ne, a ƙaramin ɗaki sai su zama ramuka. Nemi mai laushin jiki, irin su ceri. In babu, 'yan katakan da likita ke danne harshe da su suna aiki, sai dai kaurinsu ba ɗaya ba ne, za ka sha guga.

Wajen gugar, naɗa samfefa mai laushi a jikin katako shafaffe, kada ka goga da yatsa, yatsa rami yake yi. Ka gwada launi a kan ragowar guntaye kafin ka kai shi daɓen. Daga ƙarshe, ka guji man ƙyalli mai kauri. Shafin da ba a lura da shi a ƙofar gida, a nan sai ka ga kamar an zuba wa ɗakin ruwa. Kakin zuma kaɗan da tsumma mai laushi sun isa.

Idan ka gama, kada ka tsaya kana kallo daga sama, don ba daga nan za a kalle shi ba. Zura shi cikin ɗakin, ka durƙusa har idonka ya yi daidai da ƙofa, ka haska tocila daga gefe. Duk guntun da ya ɗaga kai zai yi inuwa. Cire shi ka sake, ɗana, tun ba ka shigar da kujeru ba.