Janyewar Malami Daga Fatawarsa

A ilimin fiƙihu akwai abin da malamai suke kira ruju'i, wato malami ya janye daga hukuncin da ya riga ya furta bayan ya sake duban hujjojinsa, kuma an daɗe ana tambayar ko wannan janyewa rauni ce a iliminsa ko kuwa cikar amana ce. Jama'a sun fi karkata ga amsa ta farko, domin a wurinsu magana biyu aibi ce ga dattijo, balle ga wanda yake magana da sunan shari'a. Tarihin mazhabobi kuwa bai goyi bayan wannan zato ba, kuma babu inda hakan ya fi bayyana kamar rayuwar Imam Shafi'i, wanda aka haifa a shekara ta 150 bayan hijira, ya rasu a Masar a shekara ta 204.

Shafi'i ya yi karatu a Madina a gaban Imam Malik, ya ɗauki fiƙihun mutanen Iraƙi daga Muhammad ɗan Hasan Shaibani, almajirin Abu Hanifa, kuma a Bagadaza ya rubuta littafin Alhujja, wanda ya ƙunshi abin da aka sani da tsohon ra'ayinsa. Da ya koma Masar wajejen shekara ta 199, sai ya bi mas'alolin nan yana bitarsu, ya tabbatar da wasu, ya janye daga wasu, har littafinsa Arrisala ya sake rubutawa, kuma abin da ya fito daga wannan aiki shi ne sabon ra'ayi, wanda Rabi'u Almuradi ya ruwaito a littafin Al'umm.

Ya zama ruwan dare a ji ana cewa bambancin al'adun Masar da na Iraƙi ne ya sa ya canza, har masu son lanƙwasa hukunci don ya dace da zamani suke kafa hujja da hakan. Wannan bayani bai isa ba, domin da al'ada ce dalili, da ya bar wa Iraƙawa tsohon hukuncin ya keɓe wa Misirawa sabon, alhali an ruwaito cewa ya hana a ci gaba da ruwaito tsohon littafin daga gare shi. Ban da haka, da yawa daga cikin mas'alolin na ibada ne, kamar tsarkin ruwa da lokutan salla, waɗanda ba su da alaƙa da yadda mutanen wani gari suke ciniki ko aure. Hujja ce ta motsa shi, ko dai hadisin da bai same shi ba a da, ko kuwa fahimtar da ta ƙara nuna bayan dogon nazari.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda mabiyansa suka bita bitar tasa. Sun ɗauki sabon ra'ayi a matsayin abin dogaro, amma a wasu mas'aloli ƙalilan sun koma ga tsohon, kamar yadda Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676, ya rinjayar da cewa lokacin magariba yana kaiwa har ɓacewar shafaƙi, wato jan da yake saura a yamma bayan faɗuwar rana, da kuma cewa dangin mamaci suna iya rama masa azumin da ake binsa, saboda hadisan da suka inganta a kai. Ke nan zuwan magana a ƙarshe ba shi ne yake ba ta ƙarfi ba.

Saura tambayar abin da aka riga aka zartar da tsohon hukunci. Malaman ƙa'idojin fiƙihu sun amsa da cewa ijtihadi, wato iyakar ƙoƙarin malami wajen ciro hukunci, ba ya rushe ijtihadin da ya gabace shi, kuma asalin da suke ambata shi ne hukuncin Umar ɗan Haɗɗabi a gadon matar da ta bar miji da uwa da 'yan'uwan da suka haɗa uwa kaɗai da kuma shaƙiƙai. Miji ya ɗauki rabi, uwa sudusi, 'yan'uwa ta uwa sulusi, dukiya ta ƙare, shaƙiƙai suka tashi hannu rabbana. Da irin wannan shari'a ta sake zuwa gabansa sai ya haɗa su duka a sulusin, amma bai kira magadan farko don a sake rabo ba, domin da kowane sabon nazari yana warware na baya, da babu shari'ar da za ta taɓa ƙarewa.

Mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar Hausa take bi, ita ma a kan irin wannan bita aka gina babban littafinta. Asad ɗan Furat ya tattara amsoshin Ibnul Ƙasim, almajirin Malik, ya kai su Ƙairawan, daga baya wani malami mai suna Sahnun ya ɗauki littafin ya tafi Masar ya karanta wa Ibnul Ƙasim, shi kuma ya janye daga wasu amsoshin, ya rubuta wa Asad cewa ya gyara nasa littafin, amma Asad ya ƙi. Mutane suka bar littafin Asad, suka rungumi na Sahnun, wato Mudawwana, wadda ita ce tushen Muhtasar na Halil da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato.