Karatun Fitilun Jirgi a Sararin Kazaure

 

Ka sani ya ɗan'uwa, lokacin bazara zafi kan kori mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa su kwana a tsakar gida, ido na kallon sama. Sai wani haske ya gifta, kafin asuba labari ya kai Babura: wannan ya ce aljani ne, wancan ya ce jirgin leƙen asiri ne daga ƙetare. Alhali Suratul Hujurati ta hore mu da bin diddigin labari, Suratun Nahli kuma ta ambaci alamomi da taurari a cikin abin da ake shiryuwa da shi.

Jirgin sama ba baƙonmu ba ne, tun 1925 ya fara sauka a Kano, kuma yana da alamominsa da ya gada daga jiragen ruwa. Jar fitila a fiffiken hagu, koriya a na dama, fara a wutsiya. Idan ka ga ja a damanka, kore a hagunka, to kai ya nufo. Idan fara kaɗai ka gani, ya ba ka baya. Idan ja ce kaɗai, daga damanka yake ratsawa zuwa hagu. Ban da waɗannan akwai wata ja mai ƙyaftawa a gadon bayansa da cikinsa, da farare masu walƙiya, don kada jirage su yi karo.

Abin da ya fi ruɗa mutane, a ganina, fitilar sauka ce. Jirgin da ya fuskanto ka daga nesa sai ka rantse tsaye yake cak, har a ɗauke shi Zara. Yi haƙuri minti biyu, zai karkata, launuka su bayyana. Kada jinkirin ƙara ya yaudare ka, sauti na cin daƙiƙa 3 a kowace kilomita.

Hasken da ke tafiya sumul, ba ƙyaftawa ba ƙara, bayan magariba ko gabanin asuba, tauraron ɗan'adam ne da rana ke haskawa. Idan sun jeru kamar carbi, galibi na Starlink ne, waɗanda aka fara harbawa rukuni-rukuni a 2019. Jirgi mai saukar ungulu kuwa, ƙasa-ƙasa yake bi, kuma bugun farfelarsa kan riga fitilarsa isowa.